SHARHI: Garanti A Jikin Kwali, Asara A Wuyan Mai Walda

Da wuya mutum ya bi babban titi guda a Kano ko Kaduna ko Gusau bai ci karo da rumfar mai walda ba. Shi ke ƙera ƙofar gida da ƙarafan taga, shi ke ɗaure hasumiyar tankin ruwa, shi ke liƙe salansar babur da ƙarfen A Daidaita Sahu, kuma idan damina ta gabato shi manomi ke kai wa garmar shanu. Duk wannan aiki ya rataya ne a kan na'ura guda, wato injin walda. Ranar da injin ya ƙone, rumfa ta tsaya cak, yaran shago su watse, kuɗin kafin alƙalami da aka karɓa a hannun masu aiki kuma ya rikiɗe ya zama bashi.

A jikin kwalin da yawancin sababbin injinan ke zuwa a ciki akwai alƙawarin garanti, sau da yawa na shekara guda. Amma mai waldan da injinsa ya mutu cikin wata biyu ya san abin da ke jiransa a kasuwa. Mai shago zai ce shi ma saro ya yi. Dila zai ce a kai Legas. Wanda ya shigo da kwantenar kuwa babu sunansa a jikin kwalin, balle adireshinsa. Daga ƙarshe sai a bai wa mai kaya haƙuri, a haɗa shi da mai gyara, ya biya daga aljihunsa.

Ana ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin rikicin ciniki tsakanin mutum biyu. Idan aka bi diddigi kuwa, za a tarar lamarin ya taɓo wutar lantarki, da darajar Naira, da sa ido a kan kayan da ake shigowa da su, har ma da wata jimla guda a dokar kare haƙƙin masu saye wadda ka iya barin masu sana'ar hannu a waje.

Daga taransifoma zuwa inbata

Shekaru da dama injin da ya riƙe sana'ar walda a Arewa shi ne na taransifoma, wanda akasari a gida ake naɗa shi. Masu naɗin koyil a wurare irin su kasuwar Panteka ta Kaduna sun daɗe suna haɗa shi da faifan ƙarfe da wayar jan ƙarfe ko ta alminiyom. Yana da nauyi, yana zuƙar wuta, har fitilun maƙwabta kan dusashe idan ana aiki da shi. Sai dai yana da falala guda: wanda ya naɗa shi na nan kusa, an san rumfarsa, idan ya ƙone a mayar masa ya sake naɗi. Babu takarda a tsakani, amma akwai wanda za a kama.

Injin inbata ya zo da wani tsari daban. Yana karɓar wutar layi ya daidaita ta, sannan wasu ƙananan makunnai na lantarki da ake kira IGBT ko MOSFET su riƙa kunna ta suna kashewa sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Wannan saurin ne ya sa ɗan ƙaramin taransifoma ke wadatar da shi, har yaro ya iya rataya injin a kafaɗa ya hau da shi saman gini. Ba ya cin wuta kamar na da, kuma janareta matsakaici kan iya ɗaukarsa.

Halin da ƙasa ta shiga ya ƙara tura masu walda zuwa gare shi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane yunit. A ƙarshen Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala. Mai sana'ar da ke ƙirga kowace lita dole ya nemi injin da ba ya barnar wuta. Abin da ya samu na sauƙin mai, sai ya biya shi ta wata fuskar, domin ya rabu da injin da maƙwabcinsa ke iya gyarawa, ya rungumi wanda ransa ke cikin allon lantarkin da aka ƙera a wata nahiya.

Abin da ke kashe injin

Abubuwa uku ne suka fi halaka inbata a wannan yanki, kuma babu ɗayansu da ke hannun mai walda kacokan.

Na farko wuta marar daidaito. A ƙa'ida layin gida a Najeriya bolt 230 ne, amma kowa ya san yadda take sauka ƙasa da yamma, ta kuma dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa. Janareta ma yana da nasa halin: lokacin da sandar walda ta taɓa ƙarfe sai ya durƙusa, lokacin da aka ɗaga ta sai ya zabura, wannan zaburar kuwa ita ce kan fasa makunnan cikin injin.

Na biyu ƙura. Fankar injin tana zuƙo iska domin sanyaya allon, tare da iskar kuma take zuƙo ƙurar hunturu da garin ƙarfen da ke tashi daga dutsen guga. Garin ƙarfe yana ɗaukar wuta, idan ya taru a kan allo sai ya haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba.

Na uku zafi. Ƙa'idar duniya ta injinan walda, IEC 60974-1, tana auna juriyar inji ne a cikin minti goma, a zafin digiri 40. Idan aka rubuta kashi 60 cikin ɗari, ma'anarsa a yi aiki na minti shida, a huta huɗu. A bazarar Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin inuwa ma kan haura digiri 40, balle ƙarƙashin rumfar kwano.

Abin lura shi ne, waɗannan abubuwa su ne takardun garanti suka saba cirewa daga alƙawarinsu: lalacewa saboda wuta marar kyau, ko rashin tsaftacewa, ko wuce ƙa'idar aiki. Wato an sayar da inji a ƙasar da aka san halin wutarta da yanayinta, sannan aka mayar da wannan halin hujjar zame wa alƙawari.

Akwai kuma batun lambobin da ake mannawa a jikin wasu injinan masu araha. Ba sabon abu ba ne a ga ɗan inji mai ƙaramar waya an rubuta masa amfiya 400. Lissafin ƙa'idar da aka ambata ya nuna cewa walda da sanda a amfiya 400 na tafiya ne da bolt 36, wato kilowat 14.4, wanda zai buƙaci janyo fiye da amfiya 60 daga layin bolt 230. Soket ɗin gida mai amfiya 13 kuwa kimanin kilowat 3 kawai yake bayarwa. Mai waldan da ya gaskata lambar ya ɗora wa injin aikin da ya fi ƙarfinsa, idan ya ƙone kuma shi za a ce ya yi ganganci.

Inda igiyar ta tsinke

Garanti ba ya aiki sai da abubuwa huɗu: wanda ya ɗauki alhaki da sunansa, da shaidar saye mai lambar inji, da kayan gyara a ajiye, da ƙwararren mai gyara da kamfani ya amince da shi. Manyan kamfanonin duniya irin su Lincoln Electric da Miller na Amurka, da ESAB da ya samo asali daga Suwidin, sun gina kasuwancinsu a kan wannan tsari ta hanyar wakilai. Amma injinansu sun fi yawa a hannun kamfanonin mai da iskar gas da manyan 'yan kwangila, wakilan kuma sun fi zama a Legas da Fatakwal, inda waɗannan kamfanoni suke. Farashinsu ya fi ƙarfin mai rumfa a Ƙofar Ruwa.

Abin da ke isa hannun ƙaramin mai walda ta wata hanya yake biyowa. Ɗan kasuwa ya yi odar kwantena daga wata masana'anta a Sin, a buga masa sunan da ya zaɓa, kaya su sauka a Legas, su bi ta manyan kasuwanni irin su Alaba ko Onica, su iso Sabon Gari ta hannu na uku ko na huɗu. A kowane mataki ana miƙa kaya a karɓi kuɗi, alhaki kuwa ba ya bin kayan. Sunan da ke kasuwa bana ka iya ɓacewa baɗi, a ga inji mai kama da shi da wani suna da wani fenti. Sau da yawa rasit ba ya ɗauke da lambar inji, wani lokacin ma ba a bayar da shi, katin garantin kuma ya tafi bola tare da kwali ba tare da an buga masa hatimi ba. Wanda ya sayi ɗan Kwatano, wato na hannu, shi dama bai sa rai da komai ba.

Daga nan sai maganar kayan gyara. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzarwa kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Ɗan kasuwar da jarinsa ya zaizaye haka ba zai kashe dala a kan allunan da za su kwanta a sito suna jiran ranar da wani inji zai lalace ba; zai sayo abin da ke fita yau. Tun da kuma allon wannan suna ba lallai ya shiga cikin na wancan ba, mai gyara ya koma farauta: ya ciro makunni daga mataccen inji, ko ya sayi sabo da babu tabbacin ingancinsa. Gyaran ya yi mako biyu ya sake tashi, mai walda ya sake biya. Tsugune ba ta ƙare ba.

Masu gyaran nan sun cancanci yabo, domin su ne suka riƙe sana'ar. Da yawa daga gyaran rediyo da talabijin suka faro, suka koyi inbata da gwaji da kallon bidiyo a waya. Amma suna aiki ne ba tare da zanen allon daga masana'anta ba, kuma da zarar sun kwance murfin, ɗan abin da ya rage na garanti ya faɗi.

Abin da doka ta ce

A rubuce, Najeriya ba ta rasa doka ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda marigayi tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 131 ya bai wa mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, da suka dace da aikin da aka saba yi da su. Sashe na 132 ya ce ko ba a rubuta ba akwai garanti a cikin cinikin, kuma cikin wata uku da karɓar kaya mai saye na iya mayar da su idan sun gaza, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa, ba tare da ya biya ko sisi ba. Hukumar ta sha nanata cewa rubutun nan na ba a mayar da kaya bayan an biya ya saɓa wa doka.

Amma a nan gizo ke saƙa. Sashe na 167, inda dokar ta fassara kalmominta, ya cire daga ma'anar mai saye duk wanda ya sayi kaya domin amfani da su wajen ƙera wasu kayan na sayarwa. Mai walda ya sayi injinsa ne domin ya ƙera ƙofa ya sayar. Lauyan ɗan kasuwa zai iya tsayawa a kan wannan jimla ya ce dokar ba da shi take ba. Lauyan mai walda kuma zai iya cewa abin da ake nufi shi ne ɗanyen kaya da ke narkewa cikin abin da aka ƙera, kamar ƙarfe da sandar walda, ban da injin da ake aiki da shi. Kowane ɓangare na da abin faɗa, kuma wannan ruɗanin kaɗai ya isa ya karya gwiwar talaka. Tela da kekensa, da mai niƙa da injinsa, da kafinta da zartonsa na lantarki duk suna cikin wannan rami. Binciken da SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar ya ƙiyasta ƙanana da matsakaitan sana'o'i a kan kimanin miliyan 39.6, mafi yawansu na mutum ɗaya ko biyu. A idon wannan jimla, mai rumfar kwano da katafaren kamfani matsayinsu ɗaya.

Akwai sauran ƙofofi. Dokar cinikin kaya ta 1893 da aka gada daga Ingila, da makamantanta da wasu jihohi suka yi, sun tanadi cewa kaya su dace da aikin da aka saye su dominsa, kuma ba su ware mai sana'a ba. Tun 2019 Kano ke da kotunan ƙananan ƙararraki da aka tsara su yanke hukunci cikin kwana 60, jihar kuma na da hukumarta ta kare haƙƙin masu saye. A fiƙihun Malikiyya da kasuwannin Arewa suka tashi a kansa, mai saye na da zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sai dai duk waɗannan ƙofofi shaida suke nema, wanda kuma ba shi da rasit mai lambar inji ya shiga da hannu rabbana.

Ita ma Hukumar Kula da Ingancin Kaya, SON, tana da shirin SONCAP tun 2005, wanda ke tantance kayan da za a shigo da su tun kafin su baro ƙasar da aka ƙera su. Shirin ya tsaya ne a kan ingancin kaya a ranar shigowa. Tambayar wanda zai gyara su bayan wata shida, da inda za a samu allonsu, ba ta cikin abin da takardar ke amsawa.

Yadda wasu suka yi

Tarayyar Turai ta fuskanci wannan matsala kai tsaye. Dokarta mai lamba 2019/1784, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2021, a kan injinan walda kaɗai aka yi ta. Ta wajabta wa masu ƙerawa da masu shigowa da su su tanadi kayan gyara, da suka haɗa da allon sarrafawa da fanka da wayar wuta da manhajar injin, har tsawon shekara 10 bayan an ƙera na ƙarshe na kowane samfuri. Ta ce a kai wa ƙwararren mai gyara kayan cikin kwanakin aiki 15, a kuma ba shi bayanan gyara. Masana'antun da ke son kasuwar Turai, har da na Sin, suna bin wannan sharaɗi. Ke nan abin mai yiwuwa ne. Kasuwar da ta nema ake yi wa, wadda ba ta nema ba kuma a aika mata abin da ya samu.

Hujjar 'yan kasuwa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Mai shago a Sabon Gari ribarsa a kan inji guda ba ta kai ta biya sabon allo ba, shi ma kuma babu wanda zai mayar wa. Gaskiya ne wasu masu walda na jona inji a wayar da ba ta dace ba, ko su bar shi cikin ƙura shekara guda ba a hura ba. Gaskiya ne kuma duk sharaɗin da aka ɗora wa mai shigo da kaya zai bayyana a farashi. 'Yan kasuwa kan ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Amsar ita ce, mai sayen rariya yana ganin hujojinta. Mai sayen inbata ba ya ganin abin da ke cikin murfi, lambar da ke waje kuma ta yaudare shi. Batun tsada ma yana da fuska biyu, domin injin da aka saya sau biyu cikin shekara guda, haɗe da kwanakin da aka yi ba aiki, ya fi wanda aka ƙara wa kaɗan a farashi tsada. Alhakin kuma ba a kan mai shagon ƙarshe ya kamata ya tsaya ba; wurinsa na wajen wanda ya yi odar kwantena, wanda ya san masana'anta, ya kuma zaɓi lambar da za a buga.

Abin da ya rage a yi

Mataki na farko na Majalisar Tarayya ne: a gyara fassarar mai saye ta yadda za ta haɗa da ƙananan masu sana'a a kan kayan aikinsu. Kafin nan FCCPC na iya fitar da bayanin yadda take fahimtar jimlar. Hukumar da ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a 2024 ta nuna tana da haƙora; saura ta nuna cewa tana ganin mai rumfa.

Na biyu na SON ne: kada a bai wa injin walda takardar shigowa sai da suna da adireshin mai shigo da shi a jikin injin kansa, da alƙawarin ajiye kayan gyara na wasu shekaru, da cibiyar gyara aƙalla guda a kowace shiyya. Gwada amfiyar da aka rubuta a jikin inji ba aiki ne mai wahala ba, kuma wallafa sakamakon zai tsaftace kasuwa fiye da kamen lokaci zuwa lokaci.

Na uku ya shafi horo. Gwamnati na kashe kuɗi a kan koyar da walda ta hannun Asusun ITF da makarantun fasaha da ke ƙarƙashin NBTE, ana kuma buga misali da manyan ayyuka irin su bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Horar da matashi a ba shi inbata a ranar yaye shi, ba tare da an horar da mai gyara ba, ba tare da an ɗaure ɗan kwangilar da ya kawo injinan da sharaɗin garanti ba, shuka ce a kan dutse. Manufar fifita kayan gida da Majalisar Zartarwa ta amince da ita a watan Mayun 2025 za ta yi ma'ana a nan idan ta kai ga masu naɗin koyil na Panteka da hukumar NASENI, ko da a matakin haɗa alluna da kayan gyara ne.

Na huɗu na masu walda ne da kansu. Ƙungiyoyinsu na iya haɗa kuɗi su yi sari kai tsaye daga mai shigo da kaya da rubutacciyar yarjejeniya, su riƙe kundin sunayen injinan da ke yawan mutuwa, su kuma sa wa mambobinsu doka cewa ba a biyan kuɗi sai da rasit mai kwanan wata da lambar inji, sai kuma an gwada shi da sanda a gaban mai shago. Ɗan kasuwar da zai iya share mutum ɗaya ba zai share ƙungiyar da ke sayen inji ɗari ba.

Har zuwa lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan zai tabbata, lissafin na nan yadda yake. Masana'anta ta karɓi dalarta, mai kwantena ya fitar da ribarsa, kwastam ta karɓi haraji, dila da mai shago sun samu nasu. Mutum ɗaya ne a cikin jerin ba shi da wanda zai tura wa asara, shi ne wanda ke tsugune gaban mataccen inji, mai ƙofa kuma na tsaye a kansa yana tambayar ranar da zai karɓi aikinsa.